Amsar Tambaya: Takalmin Hawan Dutse a Damina

Wani manomi daga Manga, ƙasar Zuru, yana tambaya me ya sa ƙasan takalminsa na hawan dutse yake ɓallewa duk damina.

Sau da yawa wuta ce mai laifi. Takalmi ya jiƙe, a ajiye shi bakin murhu, gam ya yi laushi ya saki. Ko masu hawan ƙanƙarar tsaunukan Alps, da ke manna ƙyallen gashin akuya ƙarƙashin katakon sulu, nesa da wuta suke shanya ƙyallen.

Shawara ga manomin: ya kankare laka daga tsagogin ƙasan takalmin, ya cusa tsumma busasshe cikin takalmin, ya ajiye a inuwa mai iska. In tsagogin sun shafe, mai gyaran takalmi ya ɗinka masa ƙasan taya, domin gam kaɗai ba ya jure ruwan Agusta.