Pampo mai ɗiga

A birane kamar Maraɗi da Damagaram, gidaje da yawa suna da pampo. Ruwa yana biyo tiyo, ya ratsa kwantar, sannan ya iso tsakar gida.

Cikin kan pampo akwai wata ƴar roba. Ita ke tare ruwa in an rufe. Idan ta cinye, sai pampo ya riƙa ɗiga dare da rana. Ɗigar da ke cika kwalbar litar 1 cikin awa guda tana zubar da litar 24 a kwana ɗaya. A kwana 30, litar 720 ke nan, fiye da tano 3. Kwantar tana ƙirga ruwan nan duka, mai gida ne zai biya. Ruwan da ya kwanta kuma yana tara sauro.

Gyaran ba wuya. Da farko a rufe ruwa daga wajen kwantar. A kwance kan pampo da kile. A cire tsohuwar roba, a sa sabuwa daidai girmanta. A mayar da kan, a ɗaure, a buɗe ruwa. Matse pampo da ƙarfi yana kashe roba da wuri.

Tambayoyi
1. Me ke sa pampo ɗiga?
2. Don me ake rufe ruwa kafin gyara?
3. Litar nawa ke zuba cikin kwana 7?