Yadda A Ke Sa Wa Mutumin Labari Rai

Ya ku 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, sa'ad da muka fita gwajin koyarwa na sa yaran ajina su rubuta labarin wani mutum. Da na duba littattafansu, sai na tarar kusan duka abu ɗaya suka ce, watau wane mutumin kirki ne, wane kuwa mugu ne, shi ke nan. Laifin nawa ne, gama ban nuna musu hanya ba. Ga abin da na koya daga baya.

Da fari, a ba mutumin abin da ya ke nema ido rufe. A cikin Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta domin gasar 1933, Alhaji Imam ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki. Wannan bukata ita ke jan mai karatu daga gari zuwa gari.

Na biyu, a sa masa wanda zai tare masa hanya. Ba domin Malam Zurƙe ba, da ba mu san iyakar wayon Alhaji ba. Haka Gizo ya ke, sai ya gamu da Kura ko Zaki halinsa ke fitowa.

Na uku, aiki ya yi shaida, ba bakin mai rubutu ba. A cikin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, uwar Umar ta ƙetare Sahara tana neman ɗanta, har ta faɗa cikin bauta. Bayan wannan, wa ke bukata a gaya masa tana ƙaunarsa?

Labarin gaskiya ma hanyarsa ke nan, sai dai ba a ƙara masa gishiri. Littafin Baba ta Karo, wanda ya fito a 1954, daga bakin tsohuwar kanta Mary Smith ta rubuta shi, da tambaya da haƙurin sauraro.

Saboda haka ran Litinin kada ku ce wa yara su kwatanta kakarsu. Ku ce su tambaye ta abin da ta taɓa so ƙwarai, da abin da ya hana ta, da abin da ta yi a kai. Za ku sha mamaki.