Filin Manoma: Yadda Ake Tayar Da Motar Da Ta Daɗe A Ajiye

Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura Namoda daga Zariya a 1929, garin ya zama matattarar amfanin gonar arewacin Zamfara. Da fari a kan jakai da raƙuma ake kawo gyaɗa da auduga daga ƙasar Zurmi da Shinkafi, daga baya manyan motoci irin su Bedford suka karɓe aikin. Da aka buɗe ma'aikatar haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, sai a-kori-kura, watau 404 da 504, suka cika hanyoyin ƙauyuka, suna jigilar gero da dawa da wake da albasa.

Da yawa daga motocin nan da waɗanda suka biyo bayansu suna nan a gindin darbejiya ko a bayan gida, sun shekara biyu, uku, har biyar ba su motsa ba. Wata mai ita ne ya rasu, gado bai rabu ba. Wata rashin tsaro a hanyoyi ne ya sa aka jingine ta, wata kuwa tsadar fetur ce tun da aka janye tallafi a watan Mayu 2023. To, kaka na ƙaratowa sai mai mota ya tuna da ita, ya aro batir, ya murɗa makulli. Nan ne babban kuskure yake. A wajen tayar da motar da ta daɗe a ajiye, makulli shi ne abu na ƙarshe da ake taɓawa.

Dalili kuwa shi ne, inji yana aiki ne bisa baƙin mai da ke shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Idan mota ta daɗe a tsaye, man duk ya tsiyaye ƙasa, cikin injin ya bushe, laimar damina kuma ta sa tsatsa a inda fistin ke hawa da sauka. In aka tayar da shi haka da ƙarfi, sai zoben fistin ya karye ko ya kankare bango, injin da ake iya ceto da galan ɗaya na mai ya koma sai an sauke shi.

Lissafi tukuna

Kafin a kashe ko kwabo, mai mota ya kira makaniken da ya amince da shi su duba abu uku: ko injin yana juyawa, ko tsatsa ta ci ƙashin motar daga ƙasa, da kuma ko ana samun kayan gyaranta a Ƙaura ko Gusau, ko kuwa sai an aika Kano. Idan babbar mota ce mai bodin katako, a ƙwanƙwasa katakon, don gara takan cinye ciki ta bar baya lafiya lau. Sa'an nan a rubuta kuɗin batir da tayu da mai da ladan makanike, a mai da shi buhunan hatsi, a gwada da abin da mutum ke biya na haya a kaka ɗaya. In ƙashin mota ya ruɓe, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

A kori baƙin da suka tare

Motar da ke kusa da rumbu gidan ɓera ce. Ɓeraye sukan ci wayoyi, su yi sheƙa da tsumma da ƙaiƙayi a cikin gidan matatar iska. Zanzaro kuma yakan liƙe ƙananan ramuka da bakin salansa da laka. A buɗe gaban motar da rana, a bubbuga da sanda saboda maciji da kunama, a share, sa'an nan mai gyaran waya ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Wayar da ɓera ya feɗe ita ce ke tayar da gobara ranar da aka ɗaura batir.

A juya inji da hannu

A kwance fulogi duka, a zuba kamar cokali ɗaya na baƙin mai a kowane rami, a bar shi ya kwana ɗaya ko biyu. Bayan haka a cire giya, a sa sufana a kan babban noti na gaban inji, a juya a hankali har zagaye biyu. In ya juya sumul, madalla. In ya cije, kada a ja motar da wata don a tilasta shi; a ƙara mai, a ƙara haƙuri, in ya ƙi sai makanike ya buɗe kan injin. Injin dizal, irin na manyan motoci da tarakta, ba shi da fulogi irin wannan, kuma mai da yawa a cikinsa yana iya lanƙwasa sandar fistin, saboda haka wannan aikin na makanike ne.

A zubar da tsofaffin ruwaye

Baƙin man da ya shekara a inji a juye shi, a sake matatarsa, a zuba sabo. In ya fito fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga, lalle a binciki dalili kafin a ci gaba.

Fetur ba ya jimre ajiya. Cikin 'yan watanni mai saurin kamawa daga cikinsa yakan tashi, abin da ya rage ya yi danƙo, ya toshe kafireto da famfon mai. Dizal kuwa yakan tara ruwa da dauɗa a gindin tanki. A sauke tankin a wanke, a hura bututun, a sake matata. Mai dizal kuma sai an fitar da iskar da ta shiga bututu kafin injin ya kama. Kada kowa ya zuƙi mai da baki, kada kuma a kusanto da taba ko fitila.

A juye ruwan lagireto, a ɗauraye har ruwan ya fito garau. A matsa robobin ruwa da hannu, wanda ya tsattsage ko ya yi tauri a sake shi, haka ma fambel. Motocin da suka zo daga baya da yawa bel ɗin roba ne ke haɗa sama da ƙasan injinsu. Irin wannan in ya tsufa a sake shi tun bai tsinke ba, don tsinkewarsa takan lalata inji.

Batir da tayu da birki

Batirin ƙaramar mota mai lafiya yakan nuna wajen volt 12.6 a ma'auni. Wanda ya shekara a mace da wuya ya sake riƙe caji, sabo ya fi. Taya kuwa, kyan zane ba shi ne lafiyarta ba. A gefenta akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta kai shekara goma, ko wadda gefenta ya tsattsage, ba ta ɗaukar buhuna a zafin kwalta.

Birki shi ne rai. Man birki yana shan laima, ya sa tsatsa daga ciki, robobinsa su saki. A ɗaga kowace ƙafa da jak, a juya ta, a buɗe a duba, a sake man gaba ɗaya. Kuloci ma yakan manne bayan doguwar ajiya, a gwada shi tun motar tana tsaye.

Ranar tayarwa

A turo motar fili, don hayaƙin inji a rufaffen wuri yana kisa ba tare da mutum ya farga ba. Tun fulogi suna waje a juya injin da batir na ɗan lokaci don mai ya zagaya, sa'an nan a mayar da su a tayar. Jar fitilar mai ta mutu cikin 'yan daƙiƙu. In ba ta mutu ba a kashe nan take. Kada a taka totur. A bar injin ya yi ɗumi, ana duban yoyo da zafi da launin hayaƙi.

Gwajin farko a cikin gari za a yi shi, babu kaya, babu fasinja. A sabunta lasin da inshora. Bayan 'yan kwanaki a sake juye baƙin mai, domin shi ne ya wanko dauɗar shekaru. Sai an yi wannan duka za a yi lodin kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, ko a kama hanyar Zurmi zuwa Jibiya, kuma da safe, da rabin kaya. Motar da ta mutu da almuru a dajin da ke tsakanin garuruwan nan, ba hatsi kaɗai take sa wa cikin hatsari ba, har da direba da yaran mota.

Saboda haka mai son motarsa ta yi masa aikin kaka, ya fara gyara tun hatsi yana gona. Wanda kuma zai ajiye tasa nan gaba, ya cire batir, ya ɗora ta bisa duwatsu ko kututture tayu su huta, ya saki birkin hannu, ya nisanta ta da rumbu, ya riƙa tayar da ita tana ɗan zagayawa ko sau biyu a wata.