Yadda Jikin Mai Azumi Ke Cin Ajiyarsa Daga Sahur Zuwa Azahar

Ɗan dako a kasuwar hatsi ta Dandume yakan gama sahur wajen ƙarfe 5 na asuba, ba zai ƙara sa komai a baki ba sai bayan awa 13 da ɗoriya. Duk da haka hantsi zai same shi yana ɗora buhunan masara a mota. Ƙarfin nan daga ina yake fitowa?

Da farko dai tuwon sahur ne ke aiki. Cikin awa 3 zuwa 4 hanji na narkar da shi, yana tura sukari cikin jini. Sai wata gaɓa da ke bayan tumbi ta saki sinadarin insulin, wanda ke shigar da sukarin inda ake bukatarsa, ya kai ragowar ma'ajiya. Hanta na ɗaukar kusan giram 100, tsokar jiki kuma kusan giram 400. Wannan ajiya ita likitoci ke kira gilaikojin, kuma wani masani ɗan Faransa, Claude Bernard, shi ya fara tace ta daga hanta a 1857.

Wajen ƙarfe 8 ko 9 hanji ya gama nasa. Insulin ya ja baya, wani sinadarin mai suna gulukagon ya karɓi aiki, ya sa hanta ta buɗe rumbu. Ba ta kwashewa lokaci guda, awo take yi kamar na maigidan da ya san damina da sauran nisa. Mafi yawan awon ƙwaƙwalwa ke cinyewa, don ita kaɗai tana bukatar sukari kusan giram 120 a yini, ga ta ba ta da wata ajiya ta kirki.

Tsoka kuwa marowaciya ce. Abin da ta ajiye nata ne, ba ta mayar da shi cikin jini a matsayin sukari. Cinyar da ta sha ɗaukar buhu nata take ƙonawa, ko ƙwaƙwalwa na nema ba ta ba ta.

Tun kafin hanta ta yi nisa, kitse ya fara narkewa. Tsoka da zuciya sai su karkata gare shi, su bar wa ƙwaƙwalwa sukarin. Hantar ma takan haɗa sabon sukari daga abin da kitse da tsoka suka sako. Ajiyarta kan kai kusan awa 24 kafin ta ƙare, wato lafiyayyen mutum zai sha ruwa bai taɓo gindin rumbun ba.

To me ya sa ake galabaita da azahar? A ganina ana ɗora wa yunwa laifin ƙishirwa. Jiki na da kitsen da zai riƙe shi makonni, amma ba shi da ma'ajiyar ruwa irin wannan, ga zufa tana ta tsiyaya a zafin bazara. Shayi mai sukari da burodi zalla ma kan sa insulin ya yi sama da sauri, yunwa ta dawo da wuri. Tuwon dawa, wake ko fura da nono sun fi daɗewa a ciki.

Don haka a jinkirta sahur kamar yadda sunna ta koyar, a sha ruwa sosai, a yi aiki mai nauyi da sanyin safiya. Mai ciwon suga kuma, musamman mai allurar insulin, ya ga likita tun kafin a ga wata, don lissafin nan bai shafi jikinsa yadda ya shafi na sauran mutane ba.