Kwanan Daji: Kura Ta Ja Baya, Kububuwa Tana Nan

Jama'ar Agye, da Gazawa, da Gidan Rumji, kaka ta kama. Yanzu ne magidanci zai naɗe tabarmarsa, ya rataya tocila, ya tare a gona yana gadin damman hatsi ko tsibin aya har ranar da amalanke za ta kwashe. Makiyayi kuwa dama daji ne ɗakinsa. To, a saurara.

Abu na farko, dabba hancinta take bi. A manyan gandayen dajin Amurka akwai wata ƙatuwar dabba da ake kira beya, wadda kan farma masu kwana a tanti. Da hukumomin can suka duba, sai suka tarar ba mutum take nema ba, ƙanshin guzurinsa ne ke kiranta. Shi ya sa suka hana kwana da abinci a cikin tanti. Ko a rataye shi can saman itace, ko a kulle shi cikin akwatin ƙarfe, kuma a yi girki kamar taku 100 daga makwanci.

Mu ba mu da beya. Kura muka sani, ita ma ta yi ƙaranci tun da gonaki suka cinye dawa. In ka ɗauke guntayen gandu irin su Ɗan Kada Dodo da Ɗan Gado, da wuya ka ga filin da gatari da hauya ba su taɓa ba. Amma dokar nan ta hau kanmu daram, don kuwa abin da ke biyo ƙanshinmu yanzu ya fi kura mugunta.

Duba yadda abin ke tafiya. Ka sha fura, ka kifa ƙwaryar kusa da kanka ba ka ɗauraye ba. Ka jingina bukkarka da damman hatsi don iska. Dare na yi ɓera ya zo, shi kuwa ɓera bai cika zuwa shi kaɗai ba, maciji na bin sawunsa. Kububuwa ƴar mitsitsiya ce, tsawonta da ƙyar ya wuce kamu ɗaya, launinta kamar na ƙasa. In an matsa mata sai ta naɗe tana goga jikinta, ka ji wani sauti kamar an zuba ruwa a kasko mai zafi. Wanda ya ji wannan ya ja da baya, kada ya tsaya neman sanda. Saboda haka a nisanta makwanci da tarin amfanin gona, a share kewayensa fes, a ɗaura sange a tura bakinsa ƙarƙashin tabarma. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a zura ƙafa, kunama ma tana son ɗumi. Fita fitsari da dare ba tocila, ba takalmi, wannan ba jarumta ba ce.

In tsautsayi ya faɗa, nan ne muka fi yin ɓarna da hannunmu. Kada a ɗaure wurin tamau da igiya, kada a tsaga da reza, kada a tsotsa. A cire zobe da agogo tun kafin kumburi, a hana wanda aka sara tafiya da ƙafa, a ɗora shi kan amalanke ko babur sai asibiti. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, kuma yaudara gare shi: mutum na zaune yana hira, a ce ai tofin ya ci, sai gobe dasashinsa ya soma zubar da jini. Ba banza ba Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi a shekarar 2017.

Ban da maciji, akwai ruwa: kwancen Gulbin Maraɗi ba wurin shimfiɗa ba ne da damina. Ruwansa daga Najeriya yake tasowa, yana iya iso maka ko ɗigo bai sauka a Tibiri ba.

Saura dabba mai ƙafa biyu. Mutanen Gidan Rumji, waɗanda suka sauki dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina a 2019, ba sai an yi musu bayani ba. A gonakin bakin iyaka, wutar da ke korar kura ita ce ke nuna wa ɗan bindiga inda kake. Can kam kada mutum ya kwana shi ɗaya. Ya shaida wa mai gari gonar da yake, ya cika wayarsa da caji, in kuma hukuma ta ce a dawo gida kafin magariba, a bar damman su kwana su kaɗai.