Kawu Ya Samo Mini Gurbin Likitanci, Ni Kuwa Konkur Nake So

Zuwa ga Gwaggo. Shekarata 18, ni haifaffiyar unguwar Hausawa ce a New Bell, Duwala. Bana na ci bakaloriya ta D da maki mai kyau. Kawuna da ke Kano ya yi ta faɗi-tashi har ya samo mini gurbin karatun likita a wata jami'a mai zaman kanta a Najeriya. Takardar ta iso ta WhatsApp, ga sunana ga hatimi, sun ce a biya kuɗin kama kujera kafin wata ya mutu.

Baba atamfa yake sayarwa a Kasuwar Kwango. Ranar da takardar ta zo goro ya raba a masallaci, yaran layinmu har sun fara ce mini Dakta. Ni kuwa zuciyata tana kan konkur ɗin ƙasa, wato jarrabawar shiga karatun likita a Kamaru, wata huɗu ke nan ina hawa bensikin (ɗan acaɓa) zuwa darasin share fage. Baba ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma zana konkur raina ƙoƙarin Kawu ne. Inna ba ta ce uffan ba, amma shekaranjiya na gan ta ta ciro sarƙar zinariyarta daga ƙasan akwati tana jujjuyawa. In haƙura in tafi, ko in dage?

'Yarki, daga New Bell

'Yata, Allah Ya sanya albarka a wannan bakaloriya. Karin maganar Babanki gaskiya ce, sai dai kafin a ce ƙwai yana baka, a tabbatar ba baragurbi ba ne.

Takardar da ke wayarki alkawarin shiga ce, ba ta ce komai ba game da fita. A Najeriya hukumar likitoci ta MDCN ke yanke wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta horar. Akwai makarantun da kan ɗibi fiye da kasonsu a ajin farko, in shekara ta zagayo a tace, waɗanda suka zube a tura su wasu kwasa-kwasan kamar ilimin sassan jiki. Yarinya ta bar gida da sunan Dakta, ta dawo da digirin da ba ya ba ta damar taɓa majinyaci. Ban ce makarantar Kawunki haka take ba. Cewa nake ya taka da ƙafarsa ya tambayo: MDCN ta amince da sashen likitancinsu? Sun taɓa yaye likitoci, ko ke ce za a koyi aski a kanki? A wane asibiti ɗalibansu ke koyon aiki? Gurbin ya bi ta hannun JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a? Amsar ta zo a rubuce, kada a tsaya ga "kada ka damu Alhaji". In ta fito fes, to kujera ce mai daraja: shekara 6 ne, kuma babu ruwanta da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU irin na 2022 da ya rufe jami'o'in gwamnati wata 8.

Sai dai ko ta fito fes, da Faransanci kika yi karatunki tun firamare. Turancin kasuwa daban, na littafin likita daban. Ranar da kika dawo kuma, sai ma'aikatar ilimi mai zurfi a Yawunde ta tantance digirin, sannan ki yi rajista da majalisar likitocin Kamaru kafin ki rataya abin awo a wuya.

Konkur ɗin da kike so ba zolaya ba ce. Tun gyaran fuskar 2013, lokacin da gwamnatin Kamaru ta ga makarantun likita sun yi yawa kamar shagunan caji ta hana da dama daga cikinsu, jarrabawa guda ake zanawa a faɗin ƙasa. Dubbai ke zama, kaɗan ake ɗauka. Wanda ya haye zai iya samun Yawunde, inda aka fara horar da likitoci tun 1969, ko Duwala, ko Buya, ko Bamenda, ko Garwa, kuma ba lallai a ba ki garin da kike so ba. Shekara 7 ne. Amma kuɗin rajistar jami'ar gwamnati sefa 50,000 ne a shekara. Ki sake karanta wannan adadin, ki tuna sarƙar Inna. In Allah Ya sa Duwala ce, a asibitin Laquintinie da Babban Asibitin Duwala za ki koyi aiki, kina kwana ɗakin uwarki. Na sha ganin tsohuwa daga unguwarku zaune kan benci a asibiti, an kawo jikanta ɗan shekara goma yana yi mata tafinta a kan ciwon da ba ta iya faɗa a gabansa. Irin su ke jiran ki, amma wannan son zuciyata ne, kada ki sa shi a ma'auni.

Ga abin da nake gani. Ki zana konkur. Mai kujera a hannu ya fi kowa natsuwa a ɗakin jarrabawa, kuma akwai iyakar shekaru, ba ƙofa ce da za ta jira ki har abada ba. Amma ita kaɗai. Kada gobe in ji kin cika takardar Yamai, jibi ta Bamako, taura biyu ma ba ta taunuwa balle huɗu. Kujerar Najeriya kuwa a riƙe ta da kuɗin kamu kawai, bayan amsoshin nan sun zo. A tambaya nawa ake mayarwa in an fasa. In ba a mayar da ko dala, Baba ya ƙudura a ransa cewa kuɗin sun tafi, in zai iya jurewa. Kuɗin shekara cur kada a biya sai sakamakon konkur ya fito, ko wa'adi ya ƙure.

Zancen raina Kawu, ba ke za ki warware shi ba. Ɗan'uwan Inna ne, ita za ta kira shi, ta gode, ta gaya masa yarinya za ta gwada ta gida don a sauƙaƙa wa kowa. Abin da zai ɓata masa rai shi ne ya ji a bakin wani.

Baba kuma kada ki tare shi a gaban mutane, ko da gardamar boko. Ki bari ya dawo daga isha'i ya ci tuwo, ki kawo masa biro da littafin shago, ki ce, "Baba, don Allah a lissafa mini na shekara shida." Kuɗin makaranta, ɗaki, abinci, littattafai, motar zuwa da dawowa, da ƙarin da makarantun kuɗi kan yi in naira ta motsa. Ɗan kasuwa ne, bai taɓa sayen dila bai buɗe ba. Sai a ɗauko sarƙar a kai wa maƙeri ya auna, a ga shekara nawa za ta biya a cikin shidan.