Shi'ira: haskensa, girmansa da kalmomin da za mu kira su

A daren hunturu, wanda ya ɗaga kai wajen kudu maso gabas bayan sallar isha'i zai ga wani farin tauraro mai ƙyalƙyali da ya fi dukkan taurarin dare haske. Shi ne Shi'ira, sunan da muka aro daga Larabci, wanda ya zo cikin Suratun Najmi. Turawa na kiran sa Sirius, daga kalmar Girkanci mai nufin "mai ƙuna". Kada a ruɗa shi da Zara, wadda duniya ce, hasken rana take maidowa.

Masana na auna hasken tauraro da ma'aunin da ake kira "magnitude" a Faransanci, daga tushen Latinanci mai ma'anar girma. Duk wanda ya fassara ta da "girma" ya ɓad da ɗalibi, domin haske take aunawa, ba jiki ba. Kuma lissafinta a juye yake: gwargwadon ƙanƙantar lamba, gwargwadon ƙarfin haske. A 1856 Norman Pogson ya tsayar da ƙa'idar cewa tazarar mataki 5 daidai take da ninki 100 na haske. Shi'ira na kan −1,46. A ganina "matakin haske" ya fi dacewa.

Fifikon nasa kuwa kusanci ne ya ba shi. Haskensa na yin shekara 8,6 kafin ya iso gare mu. Ya ninka rana wajen sau 25 a haske, sau 2 a nauyi, sau 1,7 a faɗi. Suhailu, da ke bi masa a idonmu, ya ninka rana fiye da sau dubu goma a haske. Nisan shekarar haske wajen 310 ne ya dusashe shi.

Ajinsa A1V ne. Harafin A na cikin jerin O, B, A, F, G, K, M, daga mafi zafi zuwa mafi sanyi. Rana tana G. V kuwa lambar Romawa ce, biyar, ta taurarin da masana ke kira "wadanni". Ga wata matsalar: yaya malami zai ce wa yaro wada ya fi rana girma? Ga shi kuma Shi'ira na da abokin tafiya da aka fara gani a 1862, girmansa kamar na duniyarmu, nauyinsa kusan na rana. Wannan ne "farin wada", shi kam sunan ya zauna masa. Don ajin V, ina ba da shawarar "tauraro matsakaici", a bar wa ƙaramin wadancinsa.